Sallama Kafin Shiga: Darasin Tsohuwar Kwamfuta Ga Zaurukan Saƙonninmu



A wani dare cikin zangon karatun da ya gabata, bayan ƙarfe goma sha ɗaya, aka jefa sanarwa a zauren WhatsApp na makarantar da nake koyarwa, cewa masu duba makarantu za su zo da safe, don haka kowane malami ya iso kafin bakwai da rabi da kundin tsarin darasinsa a cike. Kafin gari ya waye sanarwar ta nutse ƙarƙashin tallan atamfa da hotunan ɗaurin aure da wani dogon saƙo da aka ce a tura wa mutum goma. Wata abokiyar aikinmu da ke zuwa daga can bayan Unguwa Uku, datarta ta ƙare tun la'asar, ga shi wata ya yi nisa. Ta iso a lokacin da ta saba isowa, bayan ta kai 'ya'yanta tasu makarantar, ta tarar baƙi sun riga sun zauna. Kafin a tashi aka miƙa mata takardar tuhuma, wai ta yi biris da umarnin da aka sanar da kowa.

Ban kawo wannan labari don in tona asirin wani ba, domin shi kansa wanda ya aiko da sanarwar a daren aka sanar da shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambaya guda: yaushe muka zauna muka amince cewa wayar malami, wadda ya saya da guminsa kuma yake zuba mata data daga albashinsa, ta zama allon sanarwar aiki dare da rana? Ba a taɓa yin wannan zama ba. Abin ya shigo mana ne kamar ruwan da ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa, sai farkawa muka yi muka ga tabarma ta jiƙe. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da reshenmu zai rubuta ƙa'idar aika saƙon aiki, ya kai ta gaban hukuma. Kuma ba sai mun wahala wajen ƙago ta ba, domin an riga an gwada irinta fiye da shekara hamsin da suka wuce, a kan kwamfutar da mutane da yawa ke tarayya a kanta.

Kwamfuta ɗaya, mutane da yawa

A shekarun 1960 kwamfuta ba abin sawa a aljihu ba ce. Guda ɗaya kan cika ɗaki, kuɗinta kuwa sai jami'a ko babban kamfani ko gwamnati. Wannan ya sa masana suka ƙirƙiro dabarar raba lokaci: uwar kwamfuta ɗaya a tsakiya, mutane da yawa kowa na zaune a gaban tashar rubutunsa, ita kuma tana zagayawa tana ba kowa ɗan ƙanƙanin lokaci cikin tsananin sauri, har kowa ya ɗauka shi kaɗai take yi wa hidima. Wanda ya taɓa zama a teburin ƙwararren mai shayi a Gyaɗi-Gyaɗi da safe ya ga kwatankwacin haka: tukunya ɗaya, hannu biyu, amma ba wanda ya ji an manta da shi. Jami'ar MIT ta Amurka ta nuna irin wannan tsari a 1961. A 1969 kuma, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey, Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu suka fara gina babbar manhajar da aka sa wa suna Unix. Daga baya Ritchie ya bayyana cewa abin da suke nema ya wuce wurin rubuta manhaja kawai, suna son tsarin da zumunci zai ginu a kewayensa.

Littafin jagorar Unix na farko ya fito a watan Nuwamban 1971. A cikin jerin umarnin da ke cikinsa akwai guda uku da suka shafi maganarmu. Akwai who, wanda ke nuna maka waɗanda suke kan kwamfutar a wannan lokaci. Akwai write, wanda ke ba ka damar rubuta wa ɗayansu saƙo nan take. Sannan akwai mesg, wanda ke ba mutum damar hana a rubuto masa. Ina roƙon mai karatu ya tsaya a nan ya lura: hanyar yin magana da hanyar ƙin saurare a littafi ɗaya suka fito, a shekara ɗaya. Waɗanda suka gina ɗakin tare da ƙyaurensa suka gina shi.

Kada wani ya ce wannan tarihin wasu ne can nesa. Manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finland, a kan salon Unix aka ƙera ta, kuma ita ce ƙashin bayan Android da ke cikin wayoyin mafi yawanmu. Wayar da ke aljihunka, malam, jikanyar waccan kwamfuta ce. Ta gaji ƙarfin kakarta har ta ninka shi, amma ladabin gidan ne ba mu karɓa tare da ita ba.

Yadda abin yake aiki

Na fara sanin wannan tsari ina ɗalibi, a wani ɗakin kwamfuta inda dukkanmu muke shiga uwar na'ura ɗaya, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. Idan kana son magana da wani, sai ka fara buga who. Nan take za ka ga jerin sunaye, da tashar da kowa yake zaune, da lokacin da ya shiga. Daidai yake da ka iso ƙofar zaure ka dubi takalman da ke ajiye, ka gane wa da wa ke ciki. In sunan abokinka ba ya cikin jerin, write ba zai kai masa komai ba, zai gaya maka cewa ba ya nan. Ga wanda ba ya nan akwai wani umarni dabam, wato mail, wasiƙa ke nan da za ta jira shi har ya dawo bakin aiki. Tun farko an raba magana da wanda ke wurin aiki da barin saƙo ga wanda ya tashi.

In kuwa yana nan, sai ka buga write da sunansa. Kafin kalmarka ko ɗaya ta isa gare shi, na'urarsa za ta yi ƙara, ta nuna masa layi guda mai ɗauke da sunanka da tashar da kake da kuma lokaci. Sallama ke nan. Bayan haka duk layin da ka kammala zai bayyana a gabansa. Da yake mutum biyu na iya rubutu lokaci ɗaya maganarsu ta cakuɗe, masu amfani da tsarin suka ɗauko al'adar masu magana ta rediyon oba-oba: in ka gama naka sai ka rubuta harafin o, ma'ana na ba ka fili, in kuma zancen ya ƙare gaba ɗaya sai ka rubuta oo. Ba injin ne ya tilasta wannan ba, mutane ne suka ga buƙatarsa suka riƙe shi, har ya shiga littafin jagora. A 1983 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da nata nau'in Unix ɗauke da umarnin talk, wanda ke raba fuskar kwamfuta biyu, sama naka, ƙasa na abokin zancenka, kowane harafi na fitowa yayin da ake buga shi. Shi wannan ma ya fi ladabi, domin zance ba ya farawa sai wanda aka kira ya amsa da kansa.

Darasin mesg kuwa a jikina na koye shi. Wata rana na ga sunan wani abokina a jerin, na aika masa da wasa, ashe yana tsakiyar aikin da za a karɓa a ranar. Saƙona ya faɗo a tsakiyar rubutunsa ya hargitsa masa fuskar na'ura. Bai ce mini uffan ba. Da na sake gwadawa sai kwamfuta ta shaida mini cewa ya rufe ƙofarsa, ya buga mesg n. Bayan ya gama ya buga mesg y, ya rubuto mini da kansa. Ban ji haushi ba, kuma ba wanda ya ɗauke shi mai girman kai, domin kowa a ɗakin ya san haƙƙinsa ne. Mu da muka tashi a gidajen da baƙo ke tsayawa a zaure ya yi sallama, in ba a amsa ba ya juya ya dawo wani lokaci, bai kamata wannan ya zama mana sabon abu ba.

Saura umarni guda, wall, wanda ke aika saƙo ga duk wanda ke kan kwamfutar a lokaci ɗaya. Shi ne sanƙiran tsarin. Mai kula da na'ura, wanda ake kira root, shi ne saƙonsa ke ratsa ko da rufaffiyar ƙofa, kuma bisa al'ada ba ya amfani da wannan dama sai ga abin da ya shafi kowa, misali za a kashe na'ura nan da minti goma, kowa ya adana aikinsa. Da yake shelar ba ta yawaita ba, duk ranar da ta zo kowa kan saki abin da yake yi ya karanta. Da sanƙira zai riƙa zagaya gari kullum yana shelar farashin tumatir, ranar da ya zo da saƙon Sarki ba mai leƙowa.

Mu dubi namu zaurukan

Idan muka ɗora zaurukanmu na makaranta a kan wannan ma'auni, za mu ga inda gizo ke saƙa. A wurinmu kowane saƙo shela ne, domin duk abin da mutum ɗaya ya rubuta yana faɗawa wayar mutum arba'in ko ɗari. Kowa sanƙira ne, don haka babu sanƙira. Ba a tambayar ko mutum yana bakin aiki ko ya tashi, saƙon ƙarfe goma na safe da na sha biyun dare hukuncinsu ɗaya. Wanda ya kashe ƙarar zaure don ya huta, in wani abu ya wuce shi, shi ne mai laifi. Alamar nan mai shuɗi da ke nuna an buɗe saƙo ta koma shaidar da ake kafawa a kan malami, alhali kowa ya san yaro na iya ɗaukar wayar uwarsa ya buɗe, ko mutum ya buɗe cikin magagin barci.

Sannan ga saƙon da ba shi da uba. A tsarin write sunan mai magana na tafe a gaban maganarsa. A namu kuwa rabin abin da ke yawo turowa aka yi, wanda ya turo ma turo masa aka yi. Waɗanda suka yi wayo a 2014 ba za su manta da daren da saƙonnin waya suka tashi mutane cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don kariya daga cutar Ebola ba, abin da ya kwantar da mutane a asibiti har aka rasa rayuka. Kamfanin WhatsApp da kansa ya ga illar haka, shi ya sa a 2018 ya fara sa alama a kan saƙon da aka turo, a 2019 kuma ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya. Mu ma a namu ƙaramin fagen mun sha ganin takardar bogi ta ƙarin girma, ko jadawalin tantancewa na ƙarya, sun sa malamai sun bar aji sun yi asarar kuɗin mota.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda iyalanmu suka fi kowa saninsa. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Duk hoton jadawali da bidiyon taro da ake turowa, daga kuɗin cefane ake sauke su. Idan aiki ya wajabta wa ma'aikaci wata hanya ta karɓar umarni, adalci shi ne aikin ya ɗauki nauyinta, ko kuma ya bar wata hanyar a buɗe ga wanda bai da hali a ranar. Hanyar ma ba kullum take da tabbas ba. Ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. A watan Satumban wannan shekarar an rufe layukan waya a jihar Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta saboda matsalar tsaro. A watan Maris na 2024 kuma lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ta jefa ƙasashen Afirka ta Yamma cikin wahalar sadarwa. Makarantar da ta jingina dukkan sanarwarta a kan zaure ɗaya ta rataya tulunta a kan igiyar da ba ita ke riƙe da bakinta ba.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko zai ce, to gaggawa fa? Gaskiya ne, akwai ranar da dole a tashi kowa, kamar yadda aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ko ranar da aka sa dokar hana fita, ko ambaliya ta ci hanya. Tsarin Unix bai musanta haka ba, shi ya sa ya bar wa mai kula da na'ura ikon ratsa ƙofa. Amma ikon yana da daraja ne saboda ƙarancin amfani da shi. A rubuta abin da ake kira gaggawa, a taƙaita shi ga abin da ya shafi rai da lafiya da rufe makaranta. Ziyarar da aka san da ita tun mako guda, aka manta ba a faɗa ba sai dare, sunanta sakaci, kuma bai dace malamin aji ya biya kuɗin sakacin da ba nasa ba.

Na biyu shugaban makaranta ne, wanda zai ce shi ma daga sama ake jefo masa umarni da dare, ya zai yi? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ita ce dalilin da ya sa maganar ta fi ƙarfin makaranta ɗaya. Shugabannin makarantu da yawa 'yan ƙungiya ne kamar mu, ruwan da ya dake mu shi ya dake su. Idan ƙa'ida ta tsaya a ƙofar ofishin hedimasta, mun matse na tsakiya ne kawai. Dole ta hau har ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da hukumomin jiha, kuma reshe ne kaɗai ke da bakin da zai kai ta can.

Na uku zai ce zauren nan fa shi ne zumuncinmu, a nan muke jin rasuwa da haihuwa, a nan ake haɗa gudummawa, a nan wani ke fara shaida mana cewa albashi ya shiga. Ban musa ba, kuma ba na son a taɓa wannan ko kaɗan. Abin da nake cewa shi ne a raba ɗakin hira da allon sanarwa. Zumunci ma ya fi daɗi idan mutum ya shigo da ƙafarsa, ba don tsoron kada umarni ya wuce shi ba.

Na huɗu, masanin kwamfuta, zai tuna mini cewa tsohon tsarin yana da nasa aibin. Haka ne. Saƙon write ba ya ajiyuwa, da ya wuce ya wuce, don haka ba ya zama hujja. Ba a lulluɓe shi da sirri irin na manhajojin yau ba, kuma mai kula da na'ura yana da iko mai faɗi a kan kowa. A 2024 ma an gano wata kafa a umarnin wall na Linux da mugu zai iya bi ya yaudari wani ya ba da kalmar sirrinsa, aka toshe ta. Ba ina kira a jefar da waya a koma 1971 ba ne. Tsohuwar rijiya ko ba a sha ruwanta yanzu, ana iya koyon yadda aka gina bakinta har yaro bai faɗa ba.

Masu cewa wannan baƙon tunani ne kuwa, su sani ma'aikata a wasu ƙasashe sun riga sun kai maganar gaban majalisa. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 dokar Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu a kan haƙƙin kashe waya bayan tashi daga aiki. Ostareliya ta bi sahu a 2024 da dokar da ta ba ma'aikaci damar ƙin amsa kiran aiki a lokacin hutunsa, matuƙar ƙin bai saɓa wa hankali ba. Ƙungiyarmu ta NUT, wadda aka kafa tun 1931, ta girmi waɗannan dokoki nesa ba kusa ba, kuma kare lokacin malami na cikin aikinta tun asali.

Abin da nake roƙon reshe ya yi

Ina ba da shawarar a gabatar da ƙa'idoji biyar a taronmu na gaba. Na ɗaya, kowace makaranta ta raba zaurenta biyu: na sanarwa, wanda shugaba da mataimakinsa kaɗai ke iya rubutu a ciki, da na zumunci, wanda shigarsa ganin dama ne. WhatsApp na da wannan saiti, minti ɗaya ya isa a kunna shi. Na biyu, a sa lokaci: sanarwar da ta shafi gobe ta fito kafin a tashi daga makaranta yau, abin da ya zo bayan magariba kuwa a ɗauke shi wasiƙa ce da za a karanta da safe. Na uku, kowace sanarwa ta zo da sunan ofishin da ya fitar da ita da kwanan wata, wadda ba ta da su kada a yi aiki da ita. Na huɗu, kada a hukunta malami a kan saƙon waya kaɗai. Littafin sanarwa na ɗakin malamai, wanda kowa ke sa hannu in ya karanta, shi ne hujja, waya mataimakiya ce. Na biyar, a daina jefa sakamakon jarrabawar yara da hotunansu da lambobin iyayensu a zauren da ba a san iyakar masu ganinsa ba. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma ko babu doka, amanar 'ya'yan mutane ce a hannunmu.

Ga makarantunmu da ke da ɗakin kwamfuta kuma, ina da ƙarin shawara. Tsarin da na bayyana yana nan da ransa, kuma kyauta ne. Kwamfuta ɗaya mai ɗauke da Linux, ko da tsohuwa ce, ko 'yar ƙaramar nan Raspberry Pi da ba ta cin wuta sosai, za ta iya zama uwa, sauran su haɗu da ita ta waya a cikin ɗaki, ba tare da data ko ta naira ɗaya ba. Wasu nau'o'in Linux na yanzu ba sa zuwa da waɗannan umarni sai an ɗora su, amma wannan aikin yini ɗaya ne ga malamin kwamfuta. A ba kowane ɗalibi sunansa da kalmar sirrinsa. A darasi ɗaya na minti arba'in, yaro zai duba wa ke nan, ya yi sallama, ya jira a ba shi fili, ya rufe ƙofarsa in yana aiki, ya kuma ga cewa duk abin da ya rubuta da sunansa yake tafiya. Yana yin haka yatsunsa na sabawa da madannai, abin da zai amfane shi ranar jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Na san matsalar wuta na nan, kuma sauran na'urorin ma sai da lantarki, don haka a fara da makaranta ɗaya da ke da sola ko janareta, a ga abin da zai fito. Tun da gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024 ake maganar gyaran makarantu da kayan aiki. Wannan gwaji ne da ba ya buƙatar kwangila, malami ɗaya mai himma da izinin shugabansa sun isa.

Yaran da ke gabanmu a Darmanawa da Daurawa da Hotoro da Babban Giji za su yi rayuwarsu ne a cikin saƙonni fiye da yadda muka yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai ba za mu koya musu ladabin da mu kanmu ba mu yi wa juna ba, domin yaro ya fi koyon abin da ya ga malaminsa na yi a kan abin da ya ji yana faɗa.

Abokiyar aikin nan tamu ta amsa takardar tuhumarta cikin ladabi, aka yi mata gargaɗi, magana ta wuce. Amma tun daga ranar, in ji ta, ko da dare ya raba in ta farka sai ta lalubi waya ta duba, kada wani abu ya sake wuce ta. Malamar da ta kwana tana gadin waya, da wane ƙarfi za ta tsaya gaban yara da safe? Ina roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa, ina kuma roƙon kowane malami ya zo da nasa labarin da nasa gyaran, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na faɗi nawa, na ba ku fili. Allah ya ba mu ikon kiyaye haƙƙin juna.